Gwiwar Maigandi a Bayan Labule

Wata biyar cur Alhaji Maigandi bai sa goshinsa a ƙasa ba, kuma abin da ke cin ransa ke nan, ba ciwon ba. Ciwo ai ya saba da shi. Mutumin da ya shekara arba'in yana sayar da gero da dawa a Tsohuwar Kasuwa, buhun da ya faɗo masa a ƙafa ya fi a ƙirga, kunama ta harbe shi a cikin sito har sau uku, ba a taɓa jin wayyo daga bakinsa ba. Amma sallah a kan farar kujerar roba, can gefen sahu kusa da inda ake zubar da takalma, wannan kam ta ƙi haɗiyuwa. Shi da ya shekara talatin yana tsayawa daidai bayan liman a masallacin unguwarsu a Gidan Dare, yanzu sai dai ya zauna ya ɗan duƙar da kai, a ce wai ya yi sujada.

Wani ɗan kabu-kabu ne ya kwashe shi da babur a Sama Road yana tsallaka titi, ƙoƙon gwiwarsa ta dama ya tsage. Aka yi masa aiki a asibiti, aka ɗaure ƙashi da waya, aka ɗinke. Ƙashi ya haɗu sumul, likita har murna yake yi da hoton. Sai dai gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Ta lanƙwasu kaɗan ta tsaya cak, tabon ɗinkin kuma ya manne da nama, ko da yatsa ka tura shi ba ya motsi.

Likitan ya yi masa bayani da abin da ya sani. Ya ce ya tuna farin tantanin nan da ake gani tsakanin fata da nama idan ana fiɗar ragon layya? To ɗan Adam ma yana da irinsa, ya lulluɓe kowace tsoka. Idan an yanka ya warke, sai ya cure ya ɗaure abin da ke kusa da shi. Ba allura ba ƙwaya, sai an bi shi da hannu a hankali ana sakinsa. Ya kuma faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: idan aka ƙara wata biyu a haka, gwiwar za ta zauna yadda take, kujera kuma ta zama tasa har ƙarshen rayuwa.

Mutum biyu ne suka iya wannan aiki a sashen gashin ƙashi na asibitin. Ɗaya wata matashiya ce da ba ta wuce sa'ar autarsa ba. Ɗayan kuwa, wanda likita ya rubuta sunansa a takarda yana ta yabon hannunsa, shi ne Gazali. Maigandi ya karanta sunan, ya ninke takardar gida huɗu, ya tura ta can ƙasan aljihu, ya yi godiya ya ɗingisa ya fita.

Gazali fa mijin Wasila ne, 'yar Maigandi ta fari, wadda ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce yarinyar nan. To ina ga mijinta! Shekara shida da ɗaurin auren, ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido ba. Maigandi ya fi sanin tsakiyar hular surukinsa a kan fuskarsa, don duk inda suka haɗu Gazali zai tuɓe takalmi ya durƙusa, shi kuma ya amsa gaisuwa yana kallon wata bishiya. Suna son junansu ƙwarai, babu wanda zai yi musu. Amma a ce ya naɗe wando ya miƙa wa wannan yaro cinyarsa, har ya yi nishi a gabansa? Allah ya kiyaye.

Sati guda ya ɓata yana neman wata hanya. Matarsa Delu ta gasa gwiwar da ruwan zafi har fata ta fara saɓulewa, ta shafe ta da man kaɗe har wandunansa uku suka lalace. Aka kira mai ɗori, ya tattaɓa, ya ce ƙashi lafiyarsa ƙalau, shi kuma ƙashi ya gada, ba nama ba. Ranar Juma'a wani yaro ɗan shekara ashirin ya ɗauko masa kujera tun daga bakin ƙofa yana cewa a ba tsoho hanya. Tsoho! Da ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce wa Delu, yana kallon bango, ta aika a gaya wa yarinyar nan ta gaya wa mutumin gidanta cewa idan yana da sarari bayan la'asar, zaure a buɗe yake.

Gazali ya zo da 'yar jakarsa. Gaisuwa kaɗai ta ci kusan rabin lokacin, don sai da aka gaida gajiya, aka gaida zafi, aka gaida kasuwa, aka gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka sake komawa kan gajiya. Sannan Maigandi, yana cikin babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya naɗe ƙafar wando daidai gwiwa, ko ɗan yatsa bai ƙara ba. Gazali ya kafa ido a rufin zaure, ya ɗora yatsu biyu a kan tabon kamar mai taɓa tumatir a kasuwa yana tsoron mai kaya.

"Baba, da zahi?"

"Babu."

Ya matsa gefe ya sake tambaya, aka ce babu. Ya gangara ƙasa, babu. Sau ɗaya hannunsa ya faɗa daidai wurin, Maigandi ya ji wani abu ya tsarga masa tun daga gwiwa har ƙeya, idonsa ya kawo ruwa, ya buɗe baki ya ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Shi kuma Gazali, wanda a asibiti ƙarti ke roƙonsa ya sassauta, nan sai shafa yake yi. Kowace ranar zuwa yakan fito da wani ma'auni na roba ya gwada iya lanƙwasuwar gwiwar, ya duba, ya ce ma sha Allah. Maigandi ya ce ma sha Allah. Sati biyu ana ma sha Allah, gwiwa tana nan inda aka same ta.

Ana cikin haka Jelani ya zo dubiya. Jelani baduku ne, ɗan goggon Maigandi, wato taubashinsa, mutum ɗaya tak a duk Sakkwato da zai iya cire wa Maigandi hula a tsakiyar kasuwa ya kwana lafiya. Ya zauna a kan dakalin zaure yana cin goro, ya kalli aikin tun daga gaisuwa har ma sha Allah. Gazali na fita ya fashe da dariya har goro ya sarƙe shi.

"Ni dai tunda anka haihe ni ban taɓa ganin mutum biyu na yi ma juna ƙarya cikin ladabi irin wanga ba," in ji shi. "Wannan ba magani ba na, gaisuwa kukai ma ƙahwa."

Maigandi ya ce ya tashi ya bar masa gida. Jelani ya gyara zama. Ya ce shi da fata yake kwana yake tashi, kuma bai taɓa ganin fatar da ta yi laushi don an ji kunyarta ba. Ya ce idan Maigandi ya fi son kujera, shi zai ɗinka mata matashi na jar fata har da tuntaye, a san ta babban mutum ce. Wannan magana ta shiga. Maigandi ya tambaya a ƙasan maƙoshi, to yaya za a yi.

Ranar zuwa ta gaba Gazali ya shigo ya tarar an raba zaure biyu. An ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, an rataya tsohon labulen ɗakin Delu mai zanen furanni, daga ƙarƙashinsa kuma ƙafa ɗaya ta leƙo, tsirara har cinya, a kan tabarma. Jelani ya leƙo da kai ya yi masa bayani. Ya ce Alhaji ba ya nan, ya tafi ƙauye. Wannan ƙafar wani bawan Allah ce da aka tsinta a hanya, ba ta da 'ya, ba ta da suruki, a yi mata aiki yadda ake yi wa kowa. Shi zai zauna a ciki ya ba mai ƙafar hannunsa. Idan ja ake ji, irin wanda ake iya daurewa, za a matsa masa hannu kaɗan, ya ce a ci gaba. Idan kuwa suka ake ji mai zafi, za a matsa da ƙarfi, ya ce a tsaya. Gazali ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa, ya ce to.

Ranar ce Maigandi ya san abin da likita ke yabo. Kwance yake a bayan labule, ya tura gefen wani tsohon rawani a baki, yana jin hannun da bai taɓa sani ba. Ba a shafa mai ba ma, wai mai yana sa hannu santsi ya kasa kama abin da ake nema. Babban yatsa ya sauka a gefen tabon, ya nutse, ya tura fatar gefe guda ya tsaya. Tsayawar nan ita ce abin mamaki. Ba murza ba, ba duka ba, riƙewa kawai ana jira, har sai Maigandi ya ji wani abu a ciki ya ɗan saki kamar ƙullin zare da aka daɗe ana lallaɓa. Sannan a matsa gaba kaɗan a sake. Aka tsinci fatar tabon tsakanin yatsu ana mirgina ta. Aka hau cinya, inda shi bai taɓa zaton akwai matsala ba, aka samu wata jijiya da ta yi tauri aka bi ta tun daga sama. Aka zagaya bayan gwiwa. Ya damƙi hannun Jelani.

Jelani ya kurma ihu.

Haka aikin ya koma. Gazali ya danna, Maigandi ya matsa, Jelani ya yi kuka. Da kukan Jelani ake gane inda aka kwana. A ƙarshen satin farko ma'auni ya nuna gwiwa ta ƙara lanƙwasuwa, kuma wannan karon da Gazali ya ce ma sha Allah muryarsa daban ta fita. Ya bar wa ƙafar da aka tsinta aikin gida, a zauna a tabarma a saƙala tawul a tafin ƙafa a riƙa jawo diddige, safe da yamma. Maigandi ya riƙa yi har da na rana, wanda ba a sa shi ba.

Da Jelani mutumin kirki ne da shi ke nan. Amma taubashi taubashi ne. Ya lura tagar zauren tana kallon layi, sai ya daina cewa wayyo hannuna, ya koma wayyo gwiwata, wayyo Delu ki cece ni, da wata murya mai kauri da ya aro. Kafin kwana uku duk Gidan Dare an san Alhaji Maigandi na kuka bayan la'asar. Mai shayin bakin layi ya yi masa sannu da jiki sau biyu a gaisuwa ɗaya. Wata tsohuwa ta aiko da kunu, ta ce a gaya masa haƙuri ake yi. A masallaci ladan ya dafa kafaɗarsa ya ce kuka ba abin kunya ba ne ga mara lafiya. Shekara sittin da uku yana tara girma, Jelani ya watsar masa da shi ta taga.

To shi ma ya rama ta inda yake da iko. Ko Gazali bai taɓa wurin ciwo ba, sai ya murƙushe yatsun Jelani har su yi ƙara. Jelani ya yi ihun gaske, Gazali ya ɗauke hannu da sauri yana zaton ya yi ɓarna, ya bar wurin da ya kamata a daɗe a kai. Lissafi ya rikice, ma'auni ya sake tsayawa. Ranar Asabar Jelani ya aiko da saƙo cewa yatsunsa uku sun kumbura, ko basilla ba ya iya riƙewa, ga takalman mutane a rumfa, saboda haka mai ƙafa ya nemi wani bakin. Saura kwana tara a koma wurin likita.

Ran Litinin Gazali ya zo ya tarar da labule da ƙafa, babu Jelani. Ya yi sallama, aka amsa daga ciki a taƙaice. Ya durƙusa ya ɗora hannu, ya bi tabon, ya tsaya a wani wuri can ƙasan ƙoƙon gwiwa inda abin ya fi ɗaurewa. Ya ɗan danna ya jira. Shiru. Ya ƙara kaɗan, shiru. Maigandi na ciki ya cije rawani, gumi na bin kunnensa, hannunsa na lalube a tabarma babu abin kamawa. Sai ya ji an ɗauke hannun gaba ɗaya.

"Baba, ka yi mani gahwara, zan yi magana," in ji Gazali. "Hannuna na jin inda nama ya ɗaure, amma ba ya jin zahi. Zahin wurinka yake. In na danna ban sani ba, ina iya ɓata aikin da anka yi. In na ƙi dannawa, gwiwa ta zauna hakanan. Ni kau ban iya ganinka bisa kujerar nan. Na daina sallah masallacinku don kar in gani."

Wannan ta ƙarshen ce ta sami Maigandi. Ya lura yaron ya daina zuwa masallacinsu, ya ɗauka aiki ne ya yi masa yawa. Ya kwanta yana kallon furannin labule, kunya na ja ta nan, son sujada na ja ta can, ransa duk ya jagule. Ya ji tausayin kansa, ya ji tausayin yaron, ya kuma ji haushin Jelani, don dai kada a bar shi a baya. Ya zare rawani daga baki.

"Ƙasa kaɗan," ya ce wa labule.

Hannu ya dawo, ya sauka ƙasa kaɗan.

"Ja ko suka, Baba?"

"Ja."

"In ƙara?"

"Ƙara."

Aka ƙara. Suka tafi a haka, kalma ɗaya ɗaya, kamar masu cinikin da ba sa son na kusa ya ji. Hagu. Tsaya. Suka. Saki. Koma. Maigandi ya ga ashe abin ba ya kisa. Har ya fara ƙarin bayani, yana cewa wannan jan yana tafiya har ƙugu, wancan kuma a wuri ɗaya yake tsaye. Can Gazali ya riƙe tabon da hannu ɗaya, ya kama idon sawu da ɗayan, ya tura diddige wajen cinya a hankali, ya wuce inda aka saba tsayawa.

"Kai Gazali, a hankali mana! Ƙahwar mutum ta, ba ta jaki ba!"

Shekara shida, yau sunan ya fita, kuma da tsawa ya fita. Daga cikin gida aka ji faɗuwar murfin tukunya, da dariyar Delu da ta kasa riƙewa. Gazali ya ce to Baba, ya sassauta kaɗan, amma bai saki ƙafar ba. Maigandi ya rufe fuska da hannun riga, ya ce a ci gaba.

Likita ya duba a ranar da ya sa, ya lanƙwasa gwiwar da kansa, ya ce a ci gaba da duk abin da ake yi, kada a canza komai. Aka ƙara sati biyar. Gazali ya koya masa durƙuso a kan matashi, yana dafe da dakali, da yadda zai sauka da ƙafar hagu tukuna, da yadda zai karkatar da ta dama idan ya zauna. Amma ya hana shi kai goshi ƙasa sai ya ba da izini, Maigandi kuma ya bi umarnin surukinsa kamar ɗan makaranta, yana gunaguni.

Izinin ya zo ranar wata Alhamis. Maigandi ya riga kowa shiga masallaci kafin la'asar, ya wuce har bayan wurin liman, ya tayar da nafila. Ya yi ruku'u, ya ɗago. Ya sauka da hagu, dama ta biyo, tana ja amma ta biyo. Tafukansa suka taɓa shimfiɗa, sannan goshi da hanci. Sanyin ƙasa ya ratsa shimfiɗar ya taɓa fuskarsa, sai kawai hawaye suka ɓalle masa. Ya yi tasbihi uku, ya yi bakwai, ya kasa ɗagowa, don ba ya so.

Mutane suka fara shigowa. Yana jin su sama-sama. Wani ya ce Alhaji ne kuwa a ƙasa? Wani ya ce ai tun da ya shigo a haka ya same shi. Aka fara taruwa a kansa. Ladan ya sunkuyo yana kiran sunansa a hankali, yana tambaya ko lafiya, shi kuwa yana cikin sallah, ba halin amsawa. Sai ga muryar Jelani, wanda ba a rasa shi inda ake taro, yana cewa gwiwar ce ta kulle, ya san za a yi haka, a samo ƙarti huɗu a ɗauke shi yadda yake a kai shi gida kamar buhu. Har wani ya kama masa hammata.

"Ku dakata," in ji wata murya daga baya, a hankali. Gazali ne. Maigandi ya ji an durƙusa kusa da shi, ana duba yadda ƙafar ta zauna. "Gwiwa lahiyarta lau. Ku ƙyale shi, bai ƙare ba."

Hannun da ke hammatarsa ya sake shi. Liman ya ce wa ladan ya ɗan jinkirta iƙama, aka ja baya aka zazzauna. Maigandi ya yi wa iyayensa addu'a, ya yi wa Delu, ya yi wa Wasila da mijinta da sunayensu, har ɗan kabu-kabun ya sa a ciki. Da addu'o'in da ya sani suka ƙare, goshinsa na nan a ƙasa, sai ya sake ɗauko su daga farko.